Waƙafi ɗaya ya hana ni tuwon dare

Kawuna yana sayar da albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, kuma yana da wani littafi mai baƙin bango da ba ya yarda ko matarsa ta taɓa. A ciki yake rubuta buhu nawa ya iso daga Aliero, nawa aka sauke, wa ya ɗauka bai biya ba. Ranar da littafin nan ya ɓace, albasar tana nan a jibge, amma Kawu bai san wacce ce tasa ba.

Mu ma a ɗan kamfanin da nake aiki a Yaba muna da irin wannan littafi. Muna amfani da Terraform, manhajar da kamfanin HashiCorp ya fitar a 2014, wajen gina sabobi (kwamfutocin da ke ɗauke da manhajoji) da rumbunan bayanai a kan intanet. Duk abin da ta gina sai ta rubuta shi a fayil guda, terraform.tfstate, a tsarin JSON, wato salon jera bayanai a cikin bakuna ana raba su da waƙafi. Da shi take tuna abin da ke hannunta. In babu shi sai ta ɗauka ba ta taɓa gina komai ba, ta nemi sake gina gari a kan gari. Shi ya sa kowa ke cewa kada a sa masa hannu kai tsaye.

Ni kuwa na sa.

Ranar Alhamis ce, bayan la'asar. Akwai wata tsohuwar saba da muka daina amfani da ita, ana so a cire sunanta daga littafin. Akwai umarnin da aka tanada don wannan aiki, terraform state rm, layi ɗaya ne kacal. Amma ina sauri in kama jirgin ƙasan Red Line zuwa Agege, kuma ina ji da kaina, sai na buɗe fayil ɗin kamar mai gyara wasiƙa, na goge sashen, na adana. Har da miƙa.

Duk aikinmu yana bi ta wata ƴar manhaja ta cikin gida da aka rubuta da harshen kwamfuta na Python. Ita ke fara karanta fayil ɗin kafin ta bari a yi komai. Na kunna ta, sai ta amsa min da jimla ɗaya: an kasa karanta fayil. Shi ke nan. Ba ta ce a ina ba, ba ta ce don me ba. Fayil mai layi sama da dubu 11.

Na ce ai da sauƙi, Terraform tana ajiye kwafin baya a terraform.tfstate.backup. Na duba, babu. Sai na tuna makon da ya wuce na yi share-share, na ga fayil mai suna kusan iri ɗaya da wani, na ce tarkace ne. Tsaftar da ban taɓa yi wa ɗakina ba, ita na yi wa kwamfutar ofis. Wurin da na goge ma na manta, don na riga na rufe tagar.

Na fara karatu daga layi na ɗaya, da yatsa a kan gilashi kamar ɗan makarantar allo. Baka ta buɗe, baka ta rufe, alamar zance, waƙafi. Wajen layi na 900 idona ya fara ganin bakunan suna rawa. Aka kira magariba, aka kira isha. Oga ya bugo yana tambaya ko sabon aikin zai fita gobe da safe. Na ce, “Ranka ya daɗe, ana kai.” Gaskiya na faɗa, sai dai ban ce kan wa ake ba.

Baba mai gadi, mutumin Sakkwato, ya leƙo da kofin shayi.

“Yaro, yau a nan za ka kwana?”

“Baba, abu ne ya ɓace min.”

“Mene ne?”

“Ban sani ba.”

“A ina ya ɓace?”

“Shi ma ban sani ba.”

Ya ajiye kofin, ya daɗe yana kallona. “To kai ba nema kake ba. Wannan kamar wanda ya sauka a Oshodi ne yana tambaya ko an ga ɗan'uwansa, baƙi ne, yana sa hula.”

Daga nan na koma zagin wanda ya rubuta saƙon. Na ce wannan ko kwatancen gidansu ka tambaye shi zai ce maka yana Najeriya. Na ce a karɓe masa kwamfuta a ba shi tiren gyaɗa. Ina cikin haka na kira wata babbar ma'aikaciyarmu, Bazazzagiya, wadda duk muke ce wa Anti. Na karanta mata saƙon, na kuma maimaita mata ra'ayina a kan marubucinsa, ban rage komai ba.

Ta ce, “Buɗe manhajar, ka yi git blame mu ga mai laifin.”

Umarni ne da ke nuna wanda ya rubuta kowane layi da ranar da ya rubuta. Na yi. Na yi shiru.

“Kana ji na? Sunan wa ka gani?”

“Anti, layin waya ba kyau.”

“Karanta min abin da aka rubuta a samansa.”

A samansa akwai ƴar tunatarwa da na bar wa kaina shekara biyu da suka wuce: zan gyara daga baya. Dariyar da ta yi, sai da na janye wayar daga kunne.

Abin takaicin, Python ba ta ɓoye min komai ba. Duk sanda ta kasa karanta JSON tana bayar da lambar layi, da matsayin harafin a cikin layin, da abin da ta yi tsammanin gani. Ni ne na tare bayanin a ƙofa, na zubar, na maye gurbinsa da jimlata mai ladabi. Na gyara layi huɗu a manhajar, na sake kunnawa. Nan take ta ce layi na 7412.

Na je, babu komai a wurin sai baka mai rufewa, lafiyarta ƙalau. Na kusa sake zagi, sai na tuna wanda zagin ke komawa kansa. Anti ta ce in ɗaga ido sama kaɗan, domin mai karatu yana faɗin inda ya yi tuntuɓe ne, ramin kuwa yana bayansa. A layi na 7411 ga shi nan zaune: waƙafi. Sashen da na goge shi ne na ƙarshe a jerin, sai waƙafin da ke gabansa ya zama maraya, yana alkawarin wani abu na tafe alhali babu. JSON ba ya yafe wannan. Na danna maɓalli sau ɗaya, komai ya tashi.

Jirgi ya daɗe da wucewa, sai danfo. Na isa Agege wajen sha ɗaya, na tarar ƙannena sun gama da tuwo har da kankare tukunya. Burodin Agege na ci da ruwan leda.

Washegari na zauna na yi wa manhajar gyaran tuba. Yanzu saƙon yana faɗin sunan fayil da lambar layi, ya nuno layuka uku na sama, ya sa ƴar kibiya a ƙarƙashin harafin. Wajen adanawa kuma sai ta fara rubutawa a fayil na wucin gadi, ta karanta shi ta tabbatar lafiya, sannan ta sauya masa suna, don ko an ɗauke wuta a tsakiya kada a bar mu da rabin littafi. Oga ya gani ya yaba, ya ce saura abu ɗaya: a ƙara sunan wanda ya taɓa fayil ɗin a ƙarshe, saƙon ya riƙa faɗawa zauren WhatsApp na ma'aikata. Na ce, “Ranka ya daɗe, anya wannan ba tonon silili ba ne?” Ya ce a sa.

Ranar Talata saƙo na farko ya shigo zauren, da lambar layi da kibiya da komai. Anti ce ta fara amsawa, ta ce wannan karon ai har kwatancen gidan an bayar.