Saɓa wa jama'a bai isa hujjar taɓin hankali ba

Cikin ma'aunan da ake koya wa ɗaliban ilimin halayyar ɗan'adam don gane mai taɓin hankali, akwai wanda ya fi saurin shiga kai: duk wanda ɗabi'arsa ta saɓa wa abin da jama'arsa suka saba, to da matsala tare da shi. Ma'aunin yana da sauƙi, sauƙin nan kuwa shi ke ba ni tsoro.

Ban ce ba shi da amfani ba. Mutumin da aka sani da tsafta da natsuwa, sai ga shi ya daina wanka, ya daina barci, yana tafe yana mayar wa wasu muryoyi martani alhali babu mai jin su sai shi, danginsa ba sa bukatar littafi kafin su san lokacin ganin likita ya yi. Amma a lura da abin da ya tayar musu da hankali. Sun ga ya sauya daga yadda suka san shi, kuma yana shan wuya. Wannan daban yake da a ce ya ƙi bin abin da kowa ke bi.

Wa ke shata iyakar abin da ake kira daidai? Galibi mai ƙarfi ne. A 1851 wani likita a kudancin ƙasar Amurka, Samuel Cartwright, ya rubuta cewa gudun da bayi baƙar fata ke yi daga iyayen gijinsu cuta ce ta ƙwaƙwalwa, har ya ba da shawarar bulala a matsayin rigakafi. Mutum yana neman 'yancinsa, an ce masa majinyaci. A 1860, a jihar Illinois ta Amurka, mijin wata mata mai suna Elizabeth Packard ya sa aka kulle ta a asibitin masu taɓin hankali saboda ta ƙi yarda da ra'ayinsa na addini. Shekara uku ta yi a ciki, sai a 1864 kotu ta tabbatar da cewa lafiyarta ƙalau. A Tarayyar Sobiyet abin ya zama tsari na hukuma: likitoci a Mosko suka riƙa liƙa wa masu sukar gwamnati, irin su Janar Pyotr Grigorenko, sunan cuta, ana tsare su ana ɗirka musu magunguna. Da matsin lamba ya yi yawa, ƙungiyar likitocin ƙasar ta fice daga ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta duniya a 1983. Duk waɗannan mutane sun saɓa wa al'adar zamaninsu da gaske. Idan ma'aunin nan ne alƙali, to bai yi kuskure a kansu ba, kuma a nan illarsa take.

Akwai ɓarnar da ta fi damuna, domin ba a cika maganarta ba. Ma'aunin makaho ne ga wanda ke wahala cikin ladabi. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma mai ciwon damuwa sau da yawa fuskarsa ba ta ba da labari. Yana zuwa aiki kan lokaci, yana gaisawa da kowa, a tambaye shi ya ce lafiya lau, dare ya yi ya kwanta ido biyu yana jin rayuwa ta ishe shi. Bai taka dokar kowa ba, don haka babu mai waiwayarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum 700,000 ke kashe kansu kowace shekara. Nawa ne cikinsu aka taɓa gani suna tada hayaniya a titi?

Su kansu likitocin sun ɗauki darasi. Kundin cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙungiyar likitocin Amurka, bugun 2013, ya faɗa ƙarara cewa saɓa wa al'umma a siyasa ko addini, ko rikici tsakanin mutum da jama'arsa, ba cuta ba ne sai idan ya samo asali daga wata tawaya a cikin shi mutumin. Sai dai kafin mutum ya kai gaban likita, wasu sun riga sun yanke masa hukunci: iyaye, miji ko mata, malami, shugaba a wurin aiki. Su ne ya kamata su tsaya su tambayi kansu ko yana iya cin abinci, ya yi barci, ya kula da kansa, ko yana cutar da kansa ko wani, da kuma wanda abin ke ƙona wa rai, shi ne ko kuwa su da yake ba wa kunya.