Jenerik ɗin fim ba ragowar aiki ba ne

A makon jiya na zauna a wani shagon montaji, wato inda ake haɗa hoto da sautin fim, da ke Zango, nan Damagaram, ina kallon wani matashi yana haɗa jenerik ɗin wani gajeren fim, wato rubutun sunayen da ke fitowa kafin labari ya kankama. Ya shafe makonni yana gyaran hoto da sauti, amma sunan fim ɗin da na ƴan wasa ko minti goma bai ba su ba. Wani tsari ya sauko da shi daga intanet, haruffa masu ruwan zinare suna juyi cikin harshen wuta, ya zuba sunaye a ciki. Da rubutun ya bayyana sai na ga lanƙwasar ƙ ta ɓace, domin salon haruffan da ya zaɓa ba shi da ita, kalmar "baƙi" ta koma "baki". Wannan abu ya tsaya mini a rai, domin yaron haziƙi ne, kuma na tabbata ba wanda ya taɓa gaya masa cewa wannan ɓangare sana'a ce mai zaman kanta.

A Amurka, Saul Bass ya yi suna da wannan aiki tun shekarun 1950. A fim ɗin Psycho na 1960, layuka kawai ya sa suna ratsa allo suna tsaga sunaye gida biyu, ta yadda kafin ɗan wasa ya buɗe baki, hankalin mai kallo ya riga ya tashi. Aikin jenerik ke nan, ya shirya zuciyar mutum ga labarin da ke tafe. Fim na zaman aure ko rikicin gado me ya haɗa shi da wuta da walƙiya? Akwai kuma lissafin lokaci: bidiyonmu hoto 25 yake nunawa a daƙiƙa guda, kuma suna yana bukatar ya tsaya har a karanta shi a natse, musamman ga mai kallo a ƙaramar waya. Wanda ya sha rana yana riƙe da kyamara yana da haƙƙi a ga sunansa sosai.

Abin da ya fi damuna shi ne muna da kayan aikin a ƙofar gida. Duk wanda ya bi lungunan Birni, tsohuwar unguwar Damagaram, ya ga zanen da magina suka yi a fuskokin zauruka, dagi da zobba da layuka masu sarƙewa, haka ma adon dukawa a jikin jakar fata. Layin dagi guda, idan aka sa shi ya riƙa zana kansa a hankali har ya kewaye sunan fim, ya isa buɗe labari. Moustapha Alassane, ɗan ƙasar nan, tun 1966 ya motsa kwaɗi a fim da zanen hannu, hoto bayan hoto, ba tare da kwamfuta ba.

Kafin in tashi na roƙi matashin nan ya nemo salon haruffa mai ɗauke da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, ya kuma je Birni da wayarsa da hantsi, lokacin da inuwa ke fito da zanen bango.