Likitan da ya je yaƙi tare da kai shi ne shaidarka

Akwai wani dattijo a layinmu, Baba Saje muke ce masa, tsohon soja ne ya je Laberiya da ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, a 1990. Kunnensa ɗaya baya ji, ɗayan kuma yace kullum kamar ana hura usur a ciki, barci kuwa sai dai ɓarawo, ƙarfe uku na dare zaka ganshi zaune a ƙofar gida da rediyo. Kwanaki na raka shi wani asibiti, likitan yaro ne matashi kuma wallahi bai yi mana wulaƙanci ba, ya duba shi tsaf, amma da Baba yace shi fa wannan ciwon daga daji ya taho da shi, sai yaron yace toh Baba ina takardar da ta nuna haka? Baba yayi shiru. Da muka fito yace min, ai wanda ya san abin da ya same ni shi ne likitan bataliyarmu, shi ya share min jinin da ya fito daga kunnen nan, kuma rabona da shi tun a jirgin ruwan da ya dawo da mu.

Maganar nan ce ta tuno min da wani likitan sojan Ostireliya, Edward Dunlop, wanda suke ce wa Weary, wato gajiyayye. Laƙabin ma tsokana ce ta 'yan makaranta, Dunlop sunan taya ne, su kuma a Turancinsu taya da gajiya kusan lafazi ɗaya ne, shikenan suna ya bi shi har kabari. An haife shi a 1907, da aikin kemis ya fara kafin ya karanta likitanci a jami'ar Melbourne, ƙato ne na gaske har ya buga wa ƙasarsa ƙwallon zari-ruga. Ya shiga sashen lafiya na soja a 1935 da muƙamin kyaftin, da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939 aka tura shi Gabas ta Tsakiya, yayi Falasɗinu yayi Girka yayi Tobruk a Libiya. A 1942 yana riƙe da asibitin soja a Bandung cikin tsibirin Java sojojin Japan suka ci garin, ya zauna da majinyatansa aka kama su tare.

Farkon 1943 aka kwashe su zuwa Tailan aikin layin dogon da Japan take so ya haɗe Tailan da ƙasar Bama, kilomita 415 cikin kurmi da duwatsu. Fursunonin yaƙi kimanin 60,000 aka sa aikin, sama da 12,000 suka mutu, leburori 'yan Asiya da aka tilasta kuwa waɗanda suka mutu sun ninka haka sau da yawa amma ba'a cika maganarsu ba, abin da ke ɓata min rai kenan duk sanda na karanta tarihin nan. Toh a nan ne mutumin yayi aikin da yasa har yau ake kiran sunansa. Babu magani babu kayan aiki, ga kwalara ga atuni ga zazzaɓin cizon sauro ga gyambo mai cin nama har ƙashi, abinci kuma 'yar shinkafa ce tsura. Da cokali suke kankare gyambo, su tace ruwa su sa gishiri su yi ƙarin ruwa, allurar ma wani lokaci da gora ake feƙe ta. Kullum da safe masu gadi zasu zo su ce sai an basu mutum kaza su fita fasa dutse, shi kuma likita shi zai tsaya yace wannan bazai iya ba, duka ya sha shi ba adadi a kan haka. Tun a Java ma akwai wani sojan Ingila da bam ya makantar ya cire masa hannaye biyu, aka zo za'a soke shi da banati wai bashi da amfani, Dunlop ya shiga tsakani ya tsaya a gabansa, mutumin nan ya rayu har ya tsufa. Kuma ba shi kaɗai bane likita a wurin, akwai irinsu Albert Coates, akwai wani ɗan kasuwa ɗan Tailan mai suna Boonpong da yake sato musu hanyar shigo da magani da ransa a hannu.

Amma ni gaskiya ba wannan ɓangaren ne yafi burge ni ba, jarumtar shekara uku mutane da yawa sun yi. Abin da yayi bayan ya cire kaki a 1946, shi ne magana. Ya dawo Melbourne ya zama babban likitan tiyata, da ya ga dama da ya rufe wancan babin ya kama neman kuɗinsa ba wanda zai ce masa don me. Sai ya zamana har ya mutu a 1993, wajen shekara 47 kenan, 'yan mazan jiyan nan basu daina sallama a ƙofarsa ba, yana duba su, yana tsaya musu a maganar fansho, ya shugabanci asusun tallafa wa tsofaffin fursunonin yaƙi, a 1985 aka kafa gidauniyar binciken lafiyar tsofaffin sojoji da sunansa.

Me yasa sai shi? Saboda ciwon soja ba duka yake fitowa ranar sallama ba. Akwai wata tsutsar ciki da ake ɗauka ta tafin ƙafa in ana yawo ba takalmi a ƙasa mai damshi, tana hayayyafa a cikin jikin mutum da kanta, an same ta a jikin mutanen layin dogon nan bayan shekara 30 har 40 da gama yaƙi. Akwai lalacewar ido da jijiyoyi saboda yunwa, ga kuma firgita da mugun mafarki da a lokacin ma ba'a ɗauke su ciwo ba. Likitan da bai taɓa ganin kurmi ba zai kalli dattijo yace tsufa ne Baba, a sha faracitamol. Wanda ya kwana da su a bukka ɗaya kuwa ya san daga ina abin ya taso, kuma in ya sa hannu a takarda ba akawun da ya isa ya ja da shi. Dunlop har rubutu yake yi a ɓoye a sansanin, wanda da an kama shi da shi ƙila kansa ne zai tafi. Duk da haka fa kar ku ɗauka can ɗin aljanna ce, sai 2001 gwamnatin Ostireliya ta biya waɗanda Japan ta tsare dalar ƙasarsu 25,000 kowanne, lokacin da yawansu sun riga mu gidan gaskiya har da shi Dunlop ɗin.

Kuma mu ma muna da hannu a yankin nan. Kakanninmu sun je yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da Hausa ma ake magana a cikin rundunar, shi yasa kake jin barikin Chindit a Zariya, Kalapanzin a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas. Sunayen mun ajiye su a bariki, amma ni dai ban taɓa jin wani a unguwarmu ya ba da labarin likitan da ya bi sawun waɗannan tsofaffin bayan sun dawo ba.

Na san za'a ce min ai akwai Nigerian Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji, akwai hukumar fansho ta soja, akwai inshorar lafiya, akwai asibitin soja na 44 a Kaduna, ana kuma bikin tunawa duk 15 ga Janairu. Eh akwai, ban musa ba. Amma ofis fayil ya sani, ni kuma maganar mutum nake. Likitocin sojanmu da suka yi shekara 30 ko 35 a kaki, suka yi Laberiya da Saliyo da Darfur da Sambisa, in sun yi ritaya su buɗe asibitin kuɗinsu, halal ɗinsu ne suma suna da iyali kuma fanshon ba wani isa yake ba. Roƙona kawai kowanne ya ware ko rana ɗaya a wata yace yau ta yarana ce, ya zauna a ofishin 'yan mazan jiya na jiharsu ya duba su ya rubuta musu abin da ya gani da idonsa. Takardar kanar guda ɗaya tafi zaman dirshan na sati a ƙofar ma'aikatar kuɗi tasiri a fayil ɗin kofur.

Baba Saje yace in ina shiga Facebook ɗin nan in tambaya masa ko wani ya san inda likitan bataliyarsu yake. Nace Baba meye sunansa, yayi dariya yace su dai Dakta suke ce masa, dogo ne baƙi mai tabarau, baya cin abinci sai ya zagaya marasa lafiya. Toh ga cigiya nan na bayar.