Jirage nawa ne ke iya tashi?

Na karanta wani rahoto da ya jera adadin jiragen yaƙin da rundunonin sojin sama ke taƙama da su, amma an bar babbar tambaya: a cikinsu guda nawa ne za su iya tashi gobe da asuba? Jirgin da aka jibge a rumfa, an kwance injinsa wata da watanni ana jiran kayan gyara, ai a takarda kawai yake.

Ku dubi Iran. A zamanin Shah, sarkinta na wancan lokaci, ta sayi jiragen yaƙi samfurin F-14 daga Amurka, aka kawo mata guda 79. Bayan juyin juya halin 1979 Amurka ta toshe kayan gyara, sai injiniyoyinsu suka koma cire sassan wani jirgin suna ɗora wa wani don a samu na tashi. Turkiyya kuwa a 2019 aka cire ta daga shirin Amurka na ƙera jirgin yaƙi samfurin F-35 saboda ta sayi makaman kakkaɓo jirage samfurin S-400 daga Rasha, alhali a lokacin kamfanoninta suna ƙera wasu sassan jirgin.

Don Allah 'yan jarida, ku riƙa binciko mana awa nawa matuƙi ke samu na atisaye a shekara, kuma a hannun wa kayan gyaran suke.