Alhaji, bar yaron nan ya je ya karanci daji

Satin da ya wuce bayan sallar isha'i muna zaune a teburin mai shayi nan Agege sai ga wani Alhaji dillalin shanu da ke harka a abbatuwar Oko-Oba, ya zo ransa a ɓace ko gaisuwar kirki bai tsaya yi ba. Ɗansa ne ya nemi likitanci har sau biyu makin JAMB bai kai ba, yanzu kuma an bashi gurbi a jami'ar noma ta Abeokuta, wai ya karanci gandun daji da namun daji. Ya dube ni yace, "Malam, ni na baro daji na zo Ikko don 'ya'yana su huta, yanzu kuma in cire kuɗina in biya a maida min yaro daji? Shekara biyar fa, ya fito ya zama malamin daji yana bin masu saran itace da gudu." Kowa ya kwashe da dariya, ni ma na dara, amma har na kwanta maganar bata bar raina ba, don ba shi kaɗai ke wannan tunanin ba, kusan dukkanmu haka muke kallon duk wani kwas da ya shafi kula da albarkatun ƙasa. Kwas ɗin waɗanda aka rasa inda za a kai su.

Ni dai ina ganin kuskure muke, kuma mu Hausawan Legas mun fi kowa yin wannan kuskuren.

Dan Allah a zauna a lissafa abin da muke ci da shi a garin nan. Shanun da ake saukewa a Oko-Oba ciyawa da mashaya ne suka raine su. Kwandunan tumatur da ake jibgewa a Mile 12 da yawansu daga Kadawa da Kura suke, ruwan dam ɗin Tiga ne ya shayar da su. Albasa daga su Aliero, bandar kifi daga Baga, buhunan gawayi daga dazukan da ake ta sarewa ba dare ba rana, ɗan garuwa da ke tura kura a lungunan Idi-Araba ruwan ƙarƙashin ƙasa yake saidawa jarka jarka, hatta ɗan jari bola da ke tsintar ƙarfe da roba a bolar Olusosun ta Ojota shima cikin harkar yake ko bai sani ba. Kaga kenan kasuwarmu kaf a kan ƙasa da ruwa da itace take zaune. Amma ilimin da ke koyar da yadda ake auna su, a raba su, a hana su ƙarewa, shi ne muke wa dariya a teburin mai shayi.

Kuma me ya kawo da yawa daga cikinmu Kurmi tun farko? Tafkin Chadi a shekarun 1960 faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000, daga baya ya ƙafe har abin da ya rage bai fi kashi ɗaya cikin goma ba. Masunta da manoma da makiyaya nawa ne suka watse? Ko mu ɗauki misalin da ya fi burge ni, dausayin Haɗejiya da Nguru. An gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, manoman rani na Kano suka samu ruwa, to amma can ƙasa ambaliyar da ke malale fadamu duk shekara ta ragu, yanayin gudun ruwan ya canza, sai ciyawar kachala ta samu wuri ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, tsuntsaye jan baki kuma suka samu gidan kwana a cikinta. Wato ruwan da ya cika wa wani kwandon tumatur shi ne ya fitar da wani daga gonarsa, ƙila ma su biyun yanzu suna Mile 12, ɗaya yana saida kaya ɗaya yana masa dako. Wa zai zauna yace ga adadin ruwan da za a saki daga dam, ga lokacin da za a sake shi, don na sama ya sha na ƙasa ma ya sha? Wannan tambayar ita ce kwas ɗin gaba ɗaya, ba dashen itace kawai ba kamar yadda Alhaji ya ɗauka.

Abin da ake koya ya haɗa da ilimin ƙasar noma da na ruwa, da ƙidayar itatuwa da dabbobi, da lissafi, da tattalin arziki, da dokokin filaye irin dokar mallakar ƙasa ta 1978 da ta danƙa filaye hannun gwamnoni, da zana taswira a kwamfuta daga hotunan tauraron ɗan adam wanda suke kira GIS, har da yadda ake sasanta mutanen da ke rigima a kan fili ɗaya. Sunan kwas ɗin yana bambanta daga makaranta zuwa makaranta, wani wuri gandun daji da namun daji, wani wuri kiwon kifi da ruwaye, wani wuri kula da muhalli. Jami'ar Ibadan ce ta fara buɗe sashen gandun daji a ƙasar nan a 1963, ta Abeokuta da aka kafa a 1988 tana da kwaleji guda sukutum kan albarkatun muhalli, a Jami'ar Bayero kuma cibiyar binciken noma a yankuna masu ƙarancin ruwa tana bada digiri na biyu da na uku a fannin kula da albarkatun ƙasa da sauyin yanayi. A ɓangaren gandun daji digirin farko shekara biyar ne, ta huɗun yawanci a fili ake yinta ba a aji ba.

In wani yana ganin rashin wannan ilimin ba ya kisa to ya tuna Zamfara a 2010. Mutane suka samu zinare, suka riƙa kwaso duwatsu suna dakawa suna niƙawa a cikin gidaje inda yara ke rarrafe, ashe duwatsun cike suke da dalma. Yara aƙalla 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, wasu dubbai gubar ta shiga jininsu, sai da likitocin waje suka lura da yawan sabbin kaburburan yara sannan aka gano. Allah ya jiƙansu. Likitan da Alhaji ke so ɗansa ya zama yana zuwa ne bayan gubar ta shiga jiki, amma wanda zai ɗebi ƙasar tsakar gida ya gwada yace a fitar da niƙan nan bayan gari tun kafin a kai ga haka, shi ne babu.

Haka dazukanmu. Rugu, Kamuku, Kuyambana, Sambisa, duk wurare ne da aka keɓe da doka, da ma'aikata da iyakoki, aka bar su sakaka. Ban ce rashin malaman daji ne kaɗai ya haifi 'yan bindiga ba, abin ya fi haka zurfi, amma duk dajin da hukuma ta daina shiga wani zai shiga. Gwamnatin Arewa ta yi dokar wuraren kiwo tun 1965, yau jeka nemi burtalin da kakanninmu suka sani, an nome shi ko an yanka fulotai. Shi Alhaji da ke kukan tsadar shanu kullum, tsadar daga nan ta faro.

To mu dawo Legas ɗin kanta, don wani zai ce ai wannan duk matsalar gida ce. Wanda ya daɗe a garin nan ya san Bar Beach, yau babu ita, an ɗebo yashi daga cikin teku an cike wurin an gina Eko Atlantic. In kana kan gadar Third Mainland ka leƙa ƙasa zaka ga masu haƙar yashi a cikin ruwa, tifa tifa ake kwasa kullum ana cike fadamu a Lekki da Ajah ana gini, sannan damina ta zo a ce ruwa ya ci gari. Tun bayan da aka jibge sharar guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yanzu a 1988 ƙasar nan ta farka, a 1992 aka yi dokar da ta ce babban aiki ba zai fara ba sai an yi nazarin illar da zai yi wa muhalli. Wannan nazarin mutane ne ke yinsa, kuma biyansu ake kuɗi mai kauri. Ka shiga ofisoshin masu wannan aikin a Ikeja ko Victoria Island ka ƙirga namu nawa ne a ciki.

Abin da ya fi ci min rai kenan. A 2021 jihar Legas ta yi dokar hana kiwon sake, a farkon 2024 ta hana farar robar takeaway ɗin nan da ake zuba abinci, gobe ƙila a ce za a tada wata kasuwa saboda ƙazantar ruwa ko a sa sabon sharaɗi kan masu saida ruwa. Duk lokacin da irin haka ta taso me muke yi? Mu tara dattawa da shugabannin kasuwa su sa manyan riguna a je a yi roƙo. Roƙo ba laifi bane, amma can ɗaya gefen teburin mutane ne riƙe da taswira da alƙaluma da sakamakon gwajin ruwa, mu kuma hannu rabbana. Da ace cikin tawagar akwai ɗanmu ɗaya da zai ce ga yawan jini da kashin shanun da abbatuwa ke fitarwa a rana, ga yadda za a maida shi iskar gas ta girki da taki maimakon ya bi kwata, ai da zancen ya canza salo.

Sai dai fa Alhaji yana da gaskiyarsa, ba zan ɓoye ba. Aiki ba ya jiran kowa a wannan fannin. Ma'aikatun gandun daji na jihohi sun daɗe basa ɗaukan mutane yadda ya kamata, albashin kuma ba abin a zo a gani bane. Wasu sassan har yau da tsofaffin handawut ake koyarwa, ɗalibi ya gama bai taɓa riƙe na'urar auna fili da hannunsa ba, ga rashin tsaro ya sa dazukan da ya kamata a je firaktikal ma ba a shiga. Na san waɗanda suka gama irin wannan kwas suna POS a bakin titi. Don haka yaron da zai je ya kwashi satifiket kawai ya dawo yana jiran gwamnati ta kira shi, gara tun yanzu ya zauna a kasuwa wajen babansa, ya fi masa.

Wanda zai ci moriyar abin shi ne wanda tun aji biyu zai nemi laftof ko tsohuwa ce ya koyi taswira, manhajar QGIS kyauta take, ya iya lissafin alƙaluma, ya iya rubuta rahoto da turanci mai kyau, lokacin hutu kuma ya nemi inda ake aikin gaske ya maƙale ko ba biya, irin cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan ko cibiyar binciken teku da ke Victoria Island ko gandun Lekki da aka buɗe a 1990. Kuɗi suna shigowa fannin, Bankin Duniya ya ware dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, ga shirin katangar itatuwa ta Afirka da ya shafi jihohi 11 na bakin hamada. Ko ana kashe kuɗin yadda ya dace wannan wata magana ce ta wata rana, amma dai ana neman masu ilimin, in ba a samu namu ba a ɗauko na wani wuri ya zo yana tambaya ta bakin tafinta.

A nan ne ma nake ganin yaron da ya tashi a Agege ya fi kowa sa'a. Yana jin Hausa, yana jin Yarbanci, yana jin burokin, wataƙila har da Fulatanci saboda harkar babansa. Zai iya zama da Ardo a ruga da safe, da yamma ya zauna da injiniya a ofis. Kuma ilimin ba baƙo bane a gidansu. A Maraɗi ta Nijar, farkon shekarun 1980, wani Bature ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya gaji da dasa itatuwa suna mutuwa, sai ya lura cewa kututtukan da manoma ke sarewa duk shekara a gona suna da rai, saiwarsu na nan a ƙasa, in aka bar tsiro ɗaya ko biyu aka sassabe sauran sai itace ya tashi da kansa. Manoma suka karɓa, da wannan hanyar aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Hausawa ne fa 'yan uwanmu suka yi aikin da hannunsu. Kowane tsohon manomi ya san gawo yana zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, da rani kuma ya yi ganye ya ba dabbobi inuwa da abinci, an san wannan tun kafin a rubuta shi a littafi. Abin da jami'a zata ƙara wa yaro shi ne ya iya auna abin, ya rubuta shi, ya kare shi gaban masu rabon kasafi.

Na faɗa wa Alhaji wasu daga cikin waɗannan a daren, ba duka ba don shayinsa ya huce yana ta duba agogo. Yace, "Malam, kai dai ɗan boko ne, bakinka ya iya tsara zance." Nace Alhaji ba tsari bane, ka tambayi yaron dai ko yana so, don in baya so duk wannan surutun banza ne. Jiya da la'asar na hango shi ƙofar masallaci, ya yafuto ni yace ya tambaye shi, wai yaron yace shi daman tun farko tsoron jini yake, kunya ce ta hana shi faɗa. Sai kuma ya tambaye ni ko gaskiya ne jirgin ƙasan da ke tsayawa a tashar Agege yana sauke mutane a Abeokuta, nace ƙwarai kuwa, yace to aƙalla uwarsa ba zata ce an kai mata ɗa nesa ba.