Ɗan naci a harshen Poland, da wahalar sama masa suna a Turanci

Masu fassara daga harshen Poland zuwa Turanci, don Allah a daina mayar da upierdliwy ta koma persistent. A Turanci persistent yabo ne a mafi yawan lokuta, ana faɗa wa ɗalibin da bai karaya ba ko mai neman aikin da ya yi ta komawa har ya dace. Shi kuwa upierdliwy ba yabo a cikinsa ko na anini. Mutum ne da ya ishe ka da naci da mita da bin diddigin abin da bai taka kara ya karya ba. Tushen kalmar ma ɗaya ne da na pierdzieć, wato sakin tusa, shi ya sa ba ta shiga takardar ofis, ko da yake a hira kowa na faɗinta.

Kafin ka zaɓi kalma, duba irin nacin da yake yi. In tuni yake ta maimaita maka, ka biya kuɗin wuta, ka gyara ƙofa, to nag ne. Sai dai a kula, Turawa sun fi jingina nag ga matar aure, don haka tana iya shigo da gorin da babu shi a asalin jimlar. In yaro ne mai bin ka da tambaya, pest ta wadatar. In ɗan talla ne da aka ce ba a so ya ƙi tafiya, pushy ce, kuma mutanen Poland ma a nan sun fi cewa nachalny, wadda suka aro daga Rashanci. Saurayin da ya zame wa yarinya alaƙaƙai suna ce masa namolny, Bature ya ce clingy in shaƙuwa ce ta yi yawa. Mai tsintar kuskure a waƙafi da aya kuwa nitpicker ne.

A ganina wadda ta fi kusa ita ce pain in the neck, saboda dalili ɗaya: tana hawa mutum, tana hawa abu. Upierdliwy ma haka take, ana faɗinta ga mura mai ƙin warkewa da aikin cike fom, ta koma upierdliwa in sunan na mace ne. Clingy ba ta wannan aikin. In mai maganar ransa ya ɓaci sosai, a sauya neck da arse ga mai karatu a Ingila, ko ass ga na Amurka.

Ƙamus zai miƙo maka importunate. Ma'anarta daidai ce, amma kalmar littafi ce. Ta dace da natrętny, wata kalmar naci ta harshen Poland, a rubutun adabi, sai dai in ka sa ta a bakin direban tasi na Warsaw, babban birnin Poland, mai karatu zai ɗauka lauya ne ke magana a kotu.