Azumi bai wajaba a kan yaron da bai balaga ba

A gidaje da yawa ana ɗauka cewa da zarar yaro ya kai shekara 7, dole ya kai azuminsa har magariba, in ya sha ruwa a yi masa faɗa, ko a kunyata shi gaban ƙannensa. Ba haka abin yake ba. Shekara 7 ta fara umarni da salla ce. Azumi kuwa, Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta faɗa ƙarara cewa babu shi a kan yara har sai namiji ya yi mafarki, mace ta ga al'ada.

Koya musu da lallashi yana da asali. Sahabiya Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin yadda suke sa yaransu azumin Ashura: sai su yi musu abin wasa da gashin tumaki, in yaro ya fara kukan yunwa a miƙa masa har lokacin buɗa-baki ya yi.

Don Allah, yaron da ya galabaita da azahar, leɓe ya bushe, a ba shi ruwa. A tashe shi sahur in yana so. Da yamma a bar shi ya jera dabino a faranti, ya kai wa maƙwabta kunu da ƙosai kafin a kira salla.